Cikina a Bangon Otal

Masu bibiyar labarin nan, ku gyara zama, yau ba dariya na kawo muku ba. Ku da kuka cika min waya da "Mama ki aure shi mana, Mama so ba ya tsufa", Allah ya shirye ku, ku ji wannan tukuna sannan ku sake ba ni shawara. Wanda kuma yau ya fara shigowa, ga ni a taƙaice: mijina ya rasu da daɗewa, kaji nake sayarwa a ƙofar gida, masu rai da figaggu, ban yi boko ba, magana nake yi wayar tana rubutawa. In kun ga kalma ta karkace, laifinta ne.

Bara ne abinci ya fara dawo min. Ko ruwa na sha sai ya tsaya a ƙirji kamar garwashi, in na sunkuya figar kaza ɗaci ya cika min baki. Likita ya ce wata kafa ce tsakanin ciki da ƙirji ta yi faɗi, tumbina yana leƙawa sama ta wurin, sai an jawo shi ƙasa an tsuke kafar da ɗinki. Na ce to a yanka. Ya ce yanzu ba sai an yanka ba, 'yan huda za a yi ƙanana, a zura kyamara ta ɗaya, a zura dogayen ƙarafa ta sauran. Ɗinkin ma ba da yatsa ba. Akwai wani sabon abu dogo mai kunama kamar bindiga, a matsa ya soka allura ya dawo da ita da kansa, a sake matsawa ya damƙe zaren da ɗan ƙarfe kamar ƙwayar shinkafa a maimakon ƙulli. Na ce ni dai in tashi ina haɗiyar abinci, ko da me za ku ɗinka.

Aka yi, na tashi. Washegari da hantsi na buɗe ido na ga mutum tsaye a gefen gado, dogo, furfura ta yi masa kyau a gemu, takalmi yana sheƙi, ga wata jaka ta ƙarfe fara a hannunsa. Na ɗauka babban likita ne. Ya ce a'a, shi wakilin kamfanin da ke kawo abin ɗinkin ne, ya leƙo ya ga jikina. Tun ranar na sa masa Mai Jaka. Ya ajiye min lemo da ayaba, ya karɓi lambata a wurin 'yata, wadda duk unguwa ke kira Uwar Biyu saboda tagwayenta.

Daga nan saƙon murya ya fara shigowa, don ya gane ba na karatu.

"Hajiya, barka da asuba. Yau kin haɗiye lafiya? Ba ki jin ja a gefen hagu?"

"Sarauniya, kin fara cin nama? Ki tauna sosai. In kin yi gyatsa ki faɗa min."

Ku mata ku faɗi gaskiya, wane namiji ne ya taɓa tambayar ku gyatsa? Marigayi, Allah ya jiƙan sa, na yi zazzaɓin sati a gabansa, abin da ya tambaya shi ne ina aka ajiye masa hula. Sai ga wani yana son sanin yadda ruwa ke wuce min a maƙogwaro. Na riƙa sa saƙon a kunne ina maimaitawa a bayan kejin kaji, tsofai-tsofai da ni. Ya ce matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse, gidan ya yi masa faɗi. Ya je ya gai da Yaya, wanda shi ne babba a gidanmu tun bayan iyayenmu, ya kai masa na'urar awon hawan jini. Tun daga ranar Yaya ba ya gama magana bai sako shi ba.

"Ke, mutum irin wannan a shekarunki? Ki gode wa Allah. Kina so ki mutu kina warin kashin kaji?"

Uwar Biyu kuma kullum, "Umma, ki daina ɗaure fuska in ya zo. Umma, ki sa turare."

To, makon da ya wuce ya kira ni. Ya ce kamfaninsu na da babban taro a otal, manyan likitoci za su zo, yana so ya gabatar da ni ga abokan aikinsa. Ya ce kuma kajin taron a wurina za a saya, don ba zai kai ciniki waje ba alhali ga ni. Amma a fige kawai, kada in cire kayan ciki, kada in yanke fata.

Na ce, "Wane irin mai dafa abinci ne yake son kaza da hanjinta?"

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai Hajiya, su suka san aikinsu."

Wallahi na zauna na zaɓi kajin nan kamar na bikin 'yata. Masu ƙiba, masu faɗin ƙirji. Na fige su da hannuna, ko tsiron gashi ban bari ba, na wanke na jera a kwando na rufe da farin ƙyalle. Ina ta faɗi a raina, yau manyan likitoci za su ci kazar hannuna, su tambayi wace ce, a ce ga ta can, ita ce Alhaji zai aura.

Ranar taro Uwar Biyu ta zo tun da safe da akwatin kwalliyarta. Ta fito min da leshina ruwan toka mai duwatsu a wuya, wanda ban sa ba tun sunan tagwaye. Ta ɗaura min ɗankwali har sai da kunnena ya yi zafi, ta ara min 'yan kunnenta na zinari da mayafi mai bakin zare, ta shafa min hoda, ta zizara min kwalli. Takalmin nata ne, ya matse min ɗan yatsa, na ce a bar shi, na yini ɗaya ne. Saƙo ya shigo: "Sarauniya, direba yana ƙofa. Kada ki sa doguwar riga, ki sa riga da zane, sun fi yi miki kyau." Uwar Biyu ta yi guɗa ƙasa-ƙasa. Ni kuma na ji daɗi har cikin raina, wai har ya lura da abin da ya fi min kyau.

Mu uku muka tafi, ni da ita da Yaya, wanda ya sha babbar riga ya zauna gaban mota yana koya wa direba hanya.

Ɗakin taron sanyi kamar cikin firji, ƙasa duk kafet, fitilu a sama kamar inabi. Amma tun daga ƙofa hancina ya ɗauki abin da ya sani: ƙarnin ɗanyar kaza. Na duba ban ga faranti ba, ban ga cokali ba. Tebura ne a jere, kowanne da baƙin akwati mai 'yan ramuka a sama, da talabijin ƙarami a gefe. Likitoci maza da mata tsaye da safar hannu, sun zura dogayen ƙarafa cikin ramukan, idonsu a kan talabijin, suna matsa kunama. Ƙas. Ƙas. Ƙas.

Na matsa kusa da wani akwati na leƙa ta gefe. Kazata ce. Na gane ta, mai karyayyen fiffiken nan ce da na yi jinya. An tsaga ta, an baje hanjinta, wani saurayin likita yana ɗinke shi da abin nan yana tauna cingam. Ya yi kuskure, hanjin ya fashe, ya ce "kash", na kusa da shi ya yi dariya, wani ma'aikaci ya zo ya zare ta ya jefa a bokitin shara ya sako wata.

Na ce wa Uwar Biyu, "Wannan ce walimar?"

Ta ce, "Umma, ki yi shiru, koyo suke yi. Ai gara a kan kaza da a kan mutum."

Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Na haɗiye. Na ce ciniki ciniki ne, wanda ya sayi kaza ko rawa ya sa ta ba ruwana.

Mai Jaka ya taho da fara'a, kwat da wando, wata igiya a wuya. Ya rusuna wa Yaya, ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Masha Allah." Ya kai mu layin gaba ya zaunar. Aka tara likitocin, aka rage fitilu, ya hau dandamali da abin magana. Ya yi ta bayani, rabi da Turanci rabi da Hausa, yana ɗaga bindigar ɗinkin sama kamar jariri. Wai da hannu ƙulli ɗaya a cikin ciki sai likita ya yi gumi, da wannan kuwa matsawa ce kawai. Sannan ya ce bari su gani a jikin mutum.

Bango guda ya haska.

Abin da ya fara fitowa ciki ne na mace, an rufe sama da ƙasa da koren ƙyalle, an bar tsakiya a buɗe, an shafe shi da jan magani, ya kumbura kamar ganga. Ga nankarwa. Ga cibiya. Kuma a gefen cibiyar, ga tabon ƙuna mai kama da ganye, inda ruwan figar kaji ya taɓa zubo min ina da cikin Uwar Biyu.

Jama'a, tabon nan mutum biyu ne suka san shi a duniya, ɗaya yana kabari. Ga shi a bangon otal, ya fi ƙofar ɗakina girma.

Na kama hannun kujera. Kyamara ta nutsa ta cikin hudar, sai ga ni daga ciki. Kitse rawaya yana rawa, hanta tana sheƙi, wani abu yana bugawa a baya. Shekaru nawa ina buɗe cikin kaji, na san kowane abu da sunansa, ban taɓa zaton zan zauna da kwalli da 'yan kunnen aro ina kallon nawa ba. A bayana wani yana buɗe ledar biskit.

Sai murya ta fito daga cikin bidiyon. Muryar da nake sawa a kunne a bayan keji.

"A'a likita, ba haka ba. Juya hannunka. Ƙara kamo naman. Yauwa, matsa."

Ƙas.

"Ka gani? Kada ka ji tsoro, ja shi da kyau. Tsohuwa ce, naman duk ya saki. In ya riƙe a wannan, ko'ina zai riƙe."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Ba ta mugunta ba, irin ta mutanen da suka saba. Wannan ta fi ciwo. Mai Jaka na kan dandamali shi ma yana murmushi, ya tsayar da hoton daidai inda ɗan ƙarfen ya damƙe zare, ya nuna da jan haske, ya ce su duba yadda ya zauna daram.

Sannan ya ce, "Kada ku ce talla nake muku. Mai cikin nan tana tare da mu. Hajiya, bismillah."

Fitila ta sauko a kaina. Aka fara tafi. Yaya ya zungure ni da gwiwar hannu, "Tashi mana, ke ake kira." Uwar Biyu ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Ban san yadda na hau matakalar nan ba, takalmi yana cizona. Ya miƙo min kofin ruwa.

"Hajiya za ta sha a gabanku, ku ga yadda yake wucewa. In ta yarda kuma, likitoci mata za su iya duba hudar, ko alama da ƙyar ake gani." Ya juyo gare su yana dafa ƙirji. "Ni ban yarda da kayan nan a baki kawai ba. Matar ma zan aura."

Tafi har da fito. Na hango Yaya ya miƙe tsaye yana tafawa, babbar riga tana zamewa. A lokacin na gane dalilin riga da zane.

Na riƙe kofin. Na ce, a hankali na ce, amma abin maganar ya kwashe ya watsa wa kowa, "Malam, muryarka ce a ciki?"

"Tawa ce, Hajiya."

"Kana ɗakin ke nan, ina kwance ban san inda kaina yake ba?"

"Ai aikina ne. Duk likitan da zai fara amfani da shi, dole in tsaya a kansa."

"Fara? A kaina ya fara?"

Ya yi 'yar dariya ya kalli mutane. "Kuma ga ki garau."

Na sunkuya a gaban manyan likitocin nan na yi yunƙurin amai, na sake yi, hawaye ya wanke kwallin, amma ko ɗigo bai fito ba. Tun bayan aikin ba na iya amai, an ce haka ɗinkin yake, ya tsuke hanya. Ko ƙyamar da nake ji sai da kayansa suka tare ta a ciki. Na ajiye kofin a ƙasa ban sha ba, na cire takalman na riƙe a hannu, na bi ta tsakanin akwatunan kajina na fita.

A mota Yaya ya fara tun kafin a rufe ƙofa.

"Kin kunyata mu. Mutum ya ɗaga ki a gaban manya, ya ambaci aure da bakinsa, kin tsaya kina kakari kamar akuya. Ciki ne fa. Wa ba shi da ciki? Fuskarki ta fito?"

Na ce, "Yaya, in naka ne fa?"

"Ni namiji ne."

"To a haska na matarka."

Ya ce in iya bakina. Na juya wurin Uwar Biyu, don shirunta ya yi yawa. Na ce, "Ke, ɗago ki kalle ni. Wa ya ba Mai Jaka izini?"

Ta fashe da kuka. Wai ranar aikin, an riga an tura ni ciki, ya same ta a baranda ya ce za a ɗauki hoto don koyar da ɗalibai, ba fuska, ba suna. Hankalinta ba ya jikinta, ta ce to. Wai daga baya da ta ga ya fara zuwa gida sai ta kasa faɗa min, kada ta ɓata abin alheri.

Na ce, "Cikin da kika kwanta a ciki kika ce wa to."



Kashegari da la'asar ina tsakar gida ina wanke kwandon da aka dawo min da shi, sai ga sallama. Mai Jaka ne da Yaya. Na shigar da su falo don maƙwabta, ban kawo ko ruwa ba. Ya zauna a kujerar marigayi, ya ajiye wata leda mai turare da atamfa a kan tebur. Fuskar nan kamar wanda aka yi wa laifi ya zo yafewa.

"Hajiya, ban san abin zai taɓa ki haka ba. Mu a wurinmu wannan ba tsiraici ba ne, ilimi ne. Mata nawa za a ɗinka lafiya saboda ke?"

Na ce, "Da ka tambaye ni."

"Da kin yarda?"

"Da ka ji amsar daga bakina."

Na tambaye shi saƙonnin nan na safe, na haɗiya da gyatsa, na so ne ko na aiki. Ya ce da farko kamfani ne ke son a bi lafiyar wanda aka yi wa aiki, amma daga baya zuciyarsa ta shiga. Ya rantse. Kuma abin da zai ba ku haushi, na yarda da shi. Mutumin nan da gaske yake sona. Yana sona yadda yake son bindigarsa, abu ne da ya yi kyau a hannunsa, yana so ya ajiye a gida ya riƙa nuna wa baƙi.

Na ce, "Na ji. Goge bidiyon nan. Yanzu, a gabana, da duk inda ka kai shi."

Ya gyara zama. Ya ce abin ba a wayarsa kaɗai yake ba, yana wurin kamfani, kuma akwai tarurruka a gaba da aka riga aka tsara da shi. A matsayina na mara lafiya kawai, ba shi da hujjar da zai ba su, tunda babu fuska kuma iyali sun amince.

"Amma in kin zama iyalina, magana ta canza. Zan ce musu matata ce. Wane namiji ne zai bari a haska cikin matarsa? Ranar da aka ɗaura, ranar zan sa a sauke shi."

Yaya ya buga cinya. "Kin ji mutunci. Kin ji namiji."

Na kalli mutumin nan da gemunsa mai kyau. Wato cikina yanzu na kowa ne, sai ya zama nasa sannan zai zama abin rufewa. Na ɗauki ledar turaren na ɗora masa a cinya, na ce kaji na jira na. Yaya ya biyo ni har tsakar gida yana faɗa ƙasa-ƙasa, wai in na kai maganar nan waje na tona wa zuri'a asiri, ƙafarsa ba za ta sake taka gidana ba.

Da safe na sa tsohuwar doguwar rigata ta aiki da silifas, na kira Uwar Biyu na ce ta same ni a asibiti. Na zauna a bencin ƙofar likitan da ya yi min aiki har ya gama ganin mutane. Da ya gan ni ya kasa haɗa ido, ashe yana cikin taron, a baya ya zauna.

Na ce, "Likita, ka sake huda ni ka cire ƙarafan mutumin nan. Ba na so a binne ni da su."

Ya ce ba zai yiwu ba. Nama ya riga ya rufe su, cire su ya fi barin su haɗari, kuma ɗinkin lafiyarsa ƙalau. Wannan ma na sani. Ina cin nama, ina kwanciya ba filo uku, ɗaci ya daina zuwa. Wata maƙwabciyata ta ce in riƙa cewa yana min ciwo don in ɓata musu kasuwa. Ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi aiki. Ba da ƙarfen nake faɗa ba.

Na ce, "To kai da ka bar shi ya tsaya a kaina, kai da aka ce a kaina ka fara, me ya sa ba ka faɗa min ba?"

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce ya yi irin aikin da hannu ba adadi, na'urar ce sabuwa gare shi, amma ya kamata ya faɗa min, kuma ya ɗauka an nemi izinina kan hoton. Ya ce izinin 'ya ba ya tsayawa a madadin na uwa mai hankalinta. Akwai manyan asibiti da ke zama kan ƙorafin marasa lafiya, in suka tabbatar ba a tambaye ni ba, za su iya tilasta wa kamfanin ya sauke shi, har su hana mutumin shiga ɗakin tiyata.

Na ce, "A tara su."

Ya ce in tsaya in ji sauran. Kamfanin zai ce cikin ba na kowa ba ne tunda ba fuska. Don haka sai an kunna bidiyon daga farko har ƙarshe, ina zaune, Mai Jaka yana zaune. Sai likita mace ta duba tabon jikina ta shaida shi ne na bango. Sai 'yata ta tashi ta faɗi da bakinta cewa ta amsa ba da sanina ba, ta kuma ɓoye min. Shi ma likitan za a tambaye shi, kuma ba zai fita da daɗi ba.

"Za ki iya sake jin maganar nan a gaban mutane, Mama?"

Na ce, "Na ji ta da kwalli da zinari. Zan ji ta da silifas."

Don haka ku masu karatu, ga abin da nake nema a wurinku, ba addu'ar aure ba. Duk wadda take aikin asibiti, ko mijinta, ko ɗanta, in an taɓa haska muku cikin wata tsohuwa mai tabon ƙuna a gefen cibiya, ku turo min saƙon murya ku faɗi inda kuka gani. Ina so in san iya inda aka kai ni.

Da na fito, Uwar Biyu tana kan benci, ido ya kumbura, waya a hannu. Na faɗa mata abin da za ta tashi ta faɗa. Ta ce, "Umma, a gaban mutane? Mijina zai ji. Kowa zai ce ni na sayar da ke."

Na ce, "Ba sayarwa kika yi ba, kyauta kika bayar. Haka za ki faɗa."

Ta share hanci, ta nuna min wayar. Wai kawunta ya kira tun ɗazu. Ya ce a faɗa min ya gaji da taurin kaina, shi ne babba, ya riga ya ba Mai Jaka rana. Jibi da hantsi mutanensa za su zo gidana neman aure.

Na koma na tura ƙofar likita ban yi sallama ba. Na ce, "Manyan nan naku, za su iya zama jibi da hantsi?"

Ya ce zai gwada.

Na dawo na ce wa Uwar Biyu ta kira kawunta, ta ce ya zo da wuri ya tarbi baƙinsa, zan bar masa mabuɗi a wurin maƙwabta. Ta tsaya tana kallona, yatsa a kan waya, ta kasa dannawa.

Na ce, "Danna. Kuma jibi kusa da ni za ki zauna. In likitar ta ce a ɗaga riga, ke za ki ɗaga."